Bayanin riga a shafin sayarwa: kirari ko awo?

Wata 'yar'uwa da ke sayar da tufafi ta intanet ta tambaya wanne ya fi kawo ciniki, ta riƙa yi wa kaya kirari da daɗin baki, ko ta rubuta bayani kai tsaye. Malama, ga riga ɗaya da bayani iri biyu.

Na farko: "Riga ta kece raini, mai ɗaukar ido, za ta fito da ke a cikin taro. Inganci ba a magana!"

Na biyu: "Doguwar riga, auduga zalla, ba shara-shara ba. Lamba M, awon rigar: ƙirji santimita 100, tsawo daga kafaɗa 135, hannu 58. Zif a baya, aljihu biyu. A wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi yana sa ta tsuke."

Na farkon za ki iya ɗora shi a kan kowace riga a shagonki ba tare da kin canja harafi ba, kuma nan ne matsalarsa. Mai saye daga waya ba ta taɓa yadi, ba ta ɗaga shi ta ga ko haske na ratsawa, ba ta gwadawa. Idan rubutu bai gaya mata ba, ko dai ta cika ki da tambayoyi, ko ta rufe shafin, ko ta saya ta dawo miki da kaya. A gwajin da Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya wallafa a 1997, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada bin shafi suke yi da ido kawai, kashi 16 ne ke karantawa kalma bayan kalma. Idon da ke gudu haka lamba yake nema da sunan yadi.

A wurin awo aka fi samun kuskure, don haka ki nutsu a nan. M na wannan kamfani ba lallai ya zama M na wancan ba, kuma lamba 12 ta Ingila kusan 8 ce a Amurka. Ki shimfiɗa rigar a tebur, ki rufe zif, ki auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. Sannan ki faɗa ƙarara cewa awon riga ne, ba awon jiki ba. Mai ƙirji 100 da ta ga 100 za ta ɗauka tata ce, alhali yadin da ba ya miƙewa yana son rarar santimita 5 zuwa 10 kafin a sake a ciki. Ki tsaya a kan ma'auni ɗaya, ko ki jera biyun (inci ɗaya santimita 2.54 ne). Jadawalin awo kuma a rubuta shi, kada a saka hotonsa: a waya lambobin ƙanƙancewa suke, manhajar da ke karanta wa makafi allo kuma ba ta ganinsu.

Ba wai a kori yabo gaba ɗaya ba. Layi ɗaya ya isa, amma ya zo da dalili: "ba ta riƙe zafi, saboda yadin ba shi da nauyi." Launi ma ki kira sunansa, shuɗi mai duhu ko mai haske, domin allon waya ba iri ɗaya yake nunawa ba.

Haka abin yake a maɓallan shafi. "Saka a kwando" ya fi "Danna nan", don ya faɗi abin da zai faru. Kamfanin Apple na ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza "point" 44 (ma'aunin girma a allo) a tsawo da faɗi. Rubutu kuma kada ya cika ƙanƙanta, don ya yi daɗin karatu a waya. Kuɗin aikawa, kwanakin isowa da sharaɗin mayar da kaya su zauna kusa da farashi, tun kafin mutum ya cike suna da adireshi.