NBA League Pass: ya biya kuɗinsa in kana bin Ime Udoka

Jama'a masu tambaya ko League Pass na manhajar NBA, wato rijistar da ake biya don kallon wasannin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya cancanci kuɗinsa, ni dai amsata eh ce, amma ga wanda yake son ya fahimci aikin koci, ba mai jiran ganin dank (tsalle a dankara ƙwallo cikin kwando) kawai ba, wannan ai YouTube ma ya ishe shi.

Ni saboda Ime Udoka, kocin ƙungiyar Houston, na yi rijista. Haifaffen Portland ne a Amurka a 1977, babansa ɗan Najeriya, kuma ya saka rigar D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwandon Najeriya, har gasar duniya ta 2006. A NBA bai taɓa zama tauraro ba gaskiya, ɗan wahala ne mai tare abokan hamayya, ya zaga Lakers da Knicks da Portland da Spurs da Kings, kuma wallahi wannan wahalar ce kake gani a yaransa yanzu. Shekara 7 ya yi yana mataimakin koci Popovich a Spurs, da shi aka ci kofin 2014, ya karɓi Boston a 2021 shekararsa ta farko ya kai su fainal Warriors suka cinye su 4-2, daga baya kulob ɗin Boston ya dakatar da shi kan karya dokokinsu, sai Houston ta ɗauke shi a 2023.

To a nan manhajar ta yi min rana. Houston wasa 22 kacal suka ci a kakar da ta gabaci zuwansa, ya kai su 41, kakar da ta biyo baya 52, kuma wannan ba abu ne da hailait zai nuna maka ba, sai ka zauna ka kalli cikakken wasa ka ga yadda ɗan wasansu Amen Thompson yake manne wa mutum kamar kaska, ka ga Udoka ya kira taim awut, wato ya tsayar da wasa, ransa a ɓace don yaro ɗaya ya yi kasala wajen komawa baya ya tsare gida. Ana iya mayar da wasan baya a sake kallo, akwai taƙaitaccen wasa in kana sauri, sannan abin da ya fi burge ni za ka iya ɓoye sakamako, ka tashi da safe ka kalla ba tare da ka san wa ya ci ba.

Matsalar lokaci ce, wasan Houston a gida yakan kama wajen ƙarfe 2 na dare a nan, mai fita aiki da sassafe ba zai jure ba. Sai data, cikakken wasa ya haura awa 2, in ba waifai gare ka ba ka rage ƙarfin hoton tun kafin ka kunna. Sharhin ma Turancin Amurka ne mai sauri, sabon shiga zai ɗan sha wuya da farko.

Shawarata ka fara biyan na wata ɗaya tukuna, ka zaɓi wasannin Houston da manyan ƙungiyoyi, ka bar kallon ƙwallon ka zuba wa masu tsaron ido.