Na'urar gwajin huhu ta hannu: tana aiki, amma ba ta gane gajeren hurawa

Da farko dai ta burge ni. Ƙarama ce, cajinta na wuni, kana shigar da shekaru da tsawo da jinsi, mutum ya hura, ta ba ka FEV1, wato iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko, da FVC, jimillar abin da ya fitar. Ga ƙaramin asibiti wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya ɓata min rai shi ne tana karɓar duk hurawar da aka yi mata. Wata dattijuwa da ta shekara da shekaru gaban murhun itace, ga tari ga haki, ta hura kamar daƙiƙa 3 ta tsaya. Na'urar ta fitar da sakamako lafiya ƙalau, ko gargaɗi babu. Dalili kuwa a fili yake: mai toshewar hanyoyin numfashi a hankali iskarsa ke fita, idan ya katse da wuri FVC zai ragu, sai rabon FEV1 da FVC ya hau, cutar ta ɓuya. Da aka sake, ana tsaye a kanta ana cewa "Ci gaba, Mama, kada ki tsaya" har ta wuce daƙiƙa 6, rabon ya faɗo ƙasa da 0.7, alamar toshewa ke nan. Aka ba ta salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, shaƙa 4, aka jira minti 15, bai koma daidai ba. COPD ke nan ƙiri-ƙiri, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi, saura kaɗan a sallame ta da maganin tari.

Don haka mai gwajin ne zai yi aikin da na'urar ta ƙi yi: majiyyaci a zaune, hanci a matse, leɓe ya kama bututu sosai, hurawa 3 masu kyau, kada bambancin biyu mafiya girma ya wuce mililita 150.

Na so in ce a saya duk da haka, sai na tuna ba sirinjin lita 3 na daidaita ta a kwalin, alhali ƙurar hunturu na shiga farfelar ciki mai auna iska ta rage adadin da na'urar ke nunawa. Matatar baki ma ƴan kaɗan suka sako, kuma ba a maimaita ta a inda tarin fuka ke yawo. Wanda bai samu horo ba, wallahi kada ya yanke wa kowa hukunci da ita.