Wane juyi za ka saya? Jagora ga mai son nazarin Littafi Mai Tsarki a Maradi

Littafin da ake riƙewa a tafi sujada ranar Lahadi da wanda ake bajewa a kan tabarma da fensir a hannu ba lalle su zama ɗaya ba. Mai son nazari na kansa a gida yana bukatar juyi biyu aƙalla, waɗanda aka fassara ta hanyoyi daban, da kuma wani abu da zai nuna masa zamanin da aka rubuta abin da yake karantawa. Kuɗin da mutane da yawa ke kashewa a kan bango mai zif da bakin takarda mai ruwan zinariya, da a nan suka sa shi da ya fi.

Na farko dai, ka sayi juyin da ake karantawa a majami'arku. Da shi za ka bi wa'azi, da shi ƴaƴanka za su haddace ayoyi.

A Hausa akwai manyan juyi uku da za ka fi cin karo da su. Tsohon juyi na 1932 shi ne cikakken Littafi Mai Tsarki na farko a Hausa, kuma Dakta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa. Shi ne a bakin dattawan da suka yi karatu a Tsibiri zamanin mishan. Yana bin kalmomin asali kusa-kusa, Hausarsa tana da nauyi, wasu kalmominsa kuma matashin yau sai ya tambayi kakansa. Juyin 1979 na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya ya fi sauƙin karantawa da ƙarfi a gaban jama'a, shi ya sa ya bazu. Sai Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica, wanda aka sake gyarawa a 2020: jimlolinsa gajeru ne, ya fi kusa da maganar yau da kullum. Kana buɗe jerin littattafai za ka gane wanda ke hannunka. Na 1979 yana cewa Yahaya da Wahayin Yahaya, Sabon Rai Don Kowa yana cewa Yohanna da Ru'uya ta Yohanna. Littafi ɗaya ne, kada ka ɗauka an ƙara wani.

Dukansu daga Najeriya suke, da Hausar boko ta can. Wanda ya yi lakwal da Faransanci zai ɗan yi tuntuɓe a makon farko: harafin c ana karanta shi kamar a "ciki", u kamar a "kunu", inda muke rubuta ƴ su kuma 'y suke sawa. Hausar ma ta fi karkata ga Kananci, ba irin ta Katsinawa da Gobirawan Maradi ba. Wannan ba aibi ba ne, kunne yana sabawa.

Juyi na biyu shi ne inda zaɓi yake da wuya, kuma nan ne ɗan Maradi da ya iya Faransanci ya fi maƙwabcinsa na Katsina sa'a, domin Faransanci yana da juyi iri-iri. Masu fassara hanya biyu suke bi. Wasu suna bin asalin Ibrananci da Girkanci kalma bayan kalma, ko da jimlar za ta yi tauri. Wasu suna ɗauko ma'anar su faɗe ta yadda mai harshen zai faɗa. Darby na 1885 shi ne ya fi kowa bin kalma. Louis Segond na 1910, wanda ya cika majami'un Furotesta a ƙasashen da ke magana da Faransanci, yana kusa da shi amma ya fi daɗin karatu, sai dai Faransancinsa ya tsufa. Segond 21 na 2007 ya sabunta harshen bai yi nisa da asali ba. A ɗaya gefen akwai Français courant na 1982 da Semeur na 1992, sai Parole de Vie na 2000, wanda aka rubuta da kalmomi wajen 3500 kawai domin waɗanda Faransanci ba harshen uwa ba ne gare su. Ga wanda ya tsaya a firamare, Parole de Vie ya fi Segond amfani nesa ba kusa ba, ko da fasto da Segond yake wa'azi.

Ƙa'idar ita ce juyinka na biyu ya saɓa wa na farko a hanya. In kana da Sabon Rai Don Kowa, ka haɗa shi da Segond 21 ko tsohon juyi na 1932. In tsohon juyi ne a hannunka, ka nemi Semeur ko Français courant. Sayen Segond 1910 tare da Darby kusan ɓarnar kuɗi ne ga mai farawa, tun da a wurare masu wuya sau da yawa tare suke yin tauri. Wanda Hausa kaɗai yake karantawa bai yi asara ba: 1932 ko 1979 tare da Sabon Rai Don Kowa sun isa a fara kwatanci na gaske.

Kafin ka biya, ka roƙi mai kanti ya bar ka ka buɗe wurare uku. Amos 4:6, inda Ibrananci ya ce Allah ya ba mutane "tsabtar haƙora" a biranensu, ma'ana yunwa, ba abin taunawa. Darby ya bar haƙoran yadda suke, wasu sun rubuta yunwa kai tsaye, juyi mai kyau na nazari kuma zai sa ɗaya a cikin aya, ɗaya a ƙasan shafi. Sai Afisawa 1:3-14, wanda a Girkanci jimla ɗaya ce doguwa: ka ga yadda aka yanka ta, ka ga ko kana iya bin zaren maganar. Na uku Ayyukan Manzanni 8:37. A wasu juyi za ka ga an tsallake daga 36 zuwa 38, ko an sa ayar a cikin baka.

Wannan na ukun yana tayar wa mutane hankali, har wasu su ce an yanke Maganar Allah. Ga abin da ya faru. Tsofaffin juyi na Turai sun dogara ga Sabon Alkawari na Girkanci da wani masani mai suna Erasmus ya buga a 1516, daga kofe kaɗan na hannu waɗanda ba su da tsufa sosai. Lambobin ayoyi kuma Robert Estienne ne ya sa su a 1551 a kan irin wannan rubutun. Daga baya masana suka samu damar nazarin kofe da suka fi tsufa ƙwarai, irin su Sinaiticus da Vaticanus na ƙarni na 4, suka tarar wasu ayoyi ba sa ciki. Sababbin juyi sun bi tsofaffin kofen, amma ba su taɓa lambobin ba don kada lissafi ya rikice. Haka za ka gani a Matiyu 17:21 da Yahaya 5:4. Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11 kuwa galibi ana barinsu a ciki tare da bayani. Bugun da ya gaya maka wannan a ƙasan shafi ya fi wanda ya yi shiru, ko ayar tana ciki ko ba ta ciki.

Akwai wani rikicin lamba da ke kama mai haɗa Hausa da Faransanci. Juyin Faransanci da yawa suna ƙirga kan maganar zabura a matsayin aya, kamar yadda Ibrananci yake yi. Don haka addu'ar neman tsarkakakkiyar zuciya da ke Zabura 51:10 a Hausa tana 51:12 a Segond. Yowel 2:28 kuma 3:1 ce a TOB (juyin Faransanci na haɗin gwiwar ikilisiyoyi daban-daban) da Bible de Jérusalem. In aya ta ɓace maka, duba biyu gaba ko farkon sura ta gaba.

Ka kuma ƙirga littattafan. Bugun Furotesta 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Na Katolika 73 ne, da ƙarin Tobit, Judit, Makabiyawa na 1 da na 2, Hikima, Sirak da Baruk. Ɗan Katolika ya nemi Bible de Jérusalem ko TOB, ko bugun Français courant da aka rubuta a bangonsa cewa yana da waɗannan littattafai. Ɗan EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) ko wata ikilisiyar bishara ba zai ɗauke su a matsayin Nassi ba, amma Makabiyawa na 1 yana ba da labarin tawayen Yahudawa a kan sarki Antiyokus na Suriya wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, kuma daga nan ne Idin Tsarkakewa na Yahaya 10:22 ya samo asali. Don tarihi kaɗai ma ya cancanci karatu.

Tarihin kuwa ba ado ba ne. Ɗauki misalin bawan da ya ƙi yafewa a Matiyu 18. An yafe masa talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago, kamar abin da ake biyan ɗan barema da yamma bayan noma, Matiyu 20:2 ta nuna haka. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne. Ke nan bashin farko ladan yini miliyan 60 ne, na biyu kuma na wata uku da ƴan kwanaki. Bugun da ba shi da jadawalin kuɗi da awo a baya zai bar ka da lambobi biyu da ba su ce maka komai ba. Haka taswira: daga Urushalima zuwa Yariko tafiyar kilomita 27 ce ko kusa da haka, gangare na wajen mita 1,000 cikin duwatsu da hamada, shi ya sa ƴan fashi suka samu wurin ɓuya a Luka 10. Jadawalin shekaru kuma shi zai hana ka cakuɗa annabawa. Samariya ta faɗi a hannun Assuriya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta rushe Urushalima wajen 586, Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539. Amos ya yi magana kafin na farko, Irmiya ya ga na biyu da idonsa, Haggai ya zo bayan na uku. Littattafan ba a jere suke bisa shekaru ba.

Saboda haka abu na uku da za ka saya shi ne bugun nazari mai gabatarwa a farkon kowane littafi, da ayoyin da ke nuna juna a gefe ko tsakiyar shafi, da taswirori. Nouvelle Bible Segond ta nazari ta 2002 da TOB mai cikakken bayani sun fi ƙarfi a tarihi da harshe, amma suna bukatar Faransanci mai zurfi. Semeur ta nazari ta fi sauƙi. Scofield da Esprit et Vie suna da nasu matsayi na koyarwa, ɗaya a kan zamanai da ƙarshen duniya, ɗaya na Fentikos, don haka ka san gidan da bayanin ya fito. Abin da ke ƙasan layi maganar malami ce, ana iya yi mata gardama. Kullum ka duba shafi na biyu ka ga wace ƙungiya ta buga da shekarar juyin.

Waya tana rage kashe kuɗi ƙwarai. Manhajar YouVersion kyauta ce, tana da juyin Hausa da na Faransanci da yawa, ana sauke su a karanta ba intanet, ana kuma jera biyu a aya ɗaya. Bible.is tana da karatu na murya, abin da ya dace da iyayenmu da idonsu ya raunana. Sai dai taswira da dogon bayani ba su cika samuwa a can ba. In kuɗi kaɗan ne, bari juyi na biyu ya zauna a waya, ka sayi bugun nazari na takarda.

Jikin littafin ma a duba shi. Buɗe tsakiyarsa ka leƙa gindin shafuka: in ka ga zare, ɗinki ne, zai daɗe. In gam ne kawai, zafin Afrilu da Mayu zai busar da shi, shafukan Zabura da Bishara su fara zubewa tun da su aka fi buɗewa. Bi lambobin shafi da sauri daga farko zuwa ƙarshe, domin kuskuren ɗab'i yakan tafi da shafi 16 ko 32 a dunƙule, ko ya maimaita su. Ɗaga shafi ɗaya ka ga ko rubutun baya yana ratsowa. Gwada girman rubutun a inuwa, ba a hasken rana ba, tun da yawancin karatun da asuba ne ko da dare a gaban fitila. A siririyar takarda fensir ake amfani da shi, biro yana huda ta. A gida kuma kada a ajiye shi a ƙasa ko jikin bangon ƙasa saboda gara.

In a Maradi ba a samu wanda kake so ba, ka tambayi fastonku ko makarantar Littafi Mai Tsarki mafi kusa, su ne suka san lokacin da kaya ke zuwa. Na Faransanci sun fi zuwa ta Yamai, na Hausa kuma daga Jos da Kano ta hanyar Katsina da Dan Isa. In za ka ba ɗan kasuwa saƙo, kada ka ce masa "Littafi Mai Tsarki na Hausa" kawai. Tura masa hoton bango da na shafi na biyu ta WhatsApp, inda shekara da sunan masu bugawa suke, ka kuma faɗa masa ko cikakke kake so ko Sabon Alkawari kaɗai.