Tsohon gida bayan gyara: hayar shekara ko haya zuwa mallaka?

Ɗan'uwa, duka biyun na taɓa yi: na gyara gida na zuba ɗan haya, na kuma gyara wani na ba mutum yana biya wata-wata har ya zama nasa, irin wanda kake shawarar yi. Na farkon har gobe ina cin moriyarsa. Na biyun in na tuna sai in yi tsaki. Ka gyara ka sa haya kawai, gidan ya zauna a hannunka.

Na farkon, na unguwar Ɗorayi a Kano, na saya a 2017, ciki da falo biyu da ɗaki ɗaya a soro, ginin bulo amma an bar shi ya galabaita. Ranar da na kai uwargida ta gani, ta tsaya a falo ta ɗaga kai ta dubi silin da ya yo ciki saboda ruwa, ta ce, "Alhaji, a nan ka zuba kuɗin?" Ban tanka ba. Ban kuma ba ɗan kwangila ba. Na nemo birkila ɗaya da kafinta ɗaya, na riƙa sayo kaya da kaina, katako daga Na'ibawa, rodi da kayan famfo daga Ƙofar Ruwa, kullum bayan la'asar ina can a tsaye har a tashi. Abin da nake nufi da gyara da kanka ke nan: kai ne mai saye, kai ne mai ƙirga, kai ne mai tsayawa a kai. Ba wai ka ɗauki filaya ka hau wayarin ba. Wuta da sokawe ka bar wa masu su. Fenti da cike ƙananan tsaga da sa makullai, waɗannan ni da yarana muka yi a Asabar biyu, kuma ba wanda zai shiga ya gane.

Kuskuren da na kusa yi shi ne fara filasta, don ita ce ido ke gani. Tsohon birkilan nan ya hana ni. Ya hau sama ya ɗaga kwano biyu ya nuna mini katakon da gara ta cinye, ya sa ɗan yatsa ya danna, sai ga gari yana zuba. Ya ce in na yi filasta da fenti yanzu, damina ɗaya za ta mayar da ni inda na fito. Sai muka bi ta yadda ya ce: rufi tukuna, sannan danshin da ke hawowa ta gindin bango, sannan sokawe da kwata, sannan wayarin, filasta ta biyo baya, fenti a can ƙarshe. Gindin bangon sai da muka kankare shi har kusan gwiwa, muka bar shi ya sha iska mako biyu kafin a sake shafe shi. Filastar kuma aka yi ta ba ta ruwa safe da yamma na kwanaki, abin da leburan jinga ba ya son yi don yana sauri ya karɓi cikon kuɗinsa. Shi ya sa duk aikin da za a rufe shi ido ya daina gani, kuɗin yini nake biya. Jinga sai a aikin da zan iya aunawa da ido, kamar ɗaura tayil.

Wanda ya shiga gidan malamin makaranta ne, kuma shi ne a ciki har yau. Ya dasa gwaiba a tsakar gida, yanzu ta fi katanga tsawo. Ranar da famfon banɗaki ya lalace bai kira ni ba, ya gyara abinsa, sai da na je karɓar haya ya nuna mini rasit yana ba ni haƙuri wai ya taɓa gida ba izini. Duk azumi maiɗakinsa sai ta aiko mana da dambu. Sau uku na ƙara masa kuɗin haya, kowane a zaune a kan tabarma muka yi shi, ya rage, na rage, muka sha shayi. Da abubuwa suka yi tsanani a 2024 ya roƙi ya riƙa biya kashi biyu a shekara, na yarda. Gidan nawa ne, takardunsa na cikin akwatina, kuma duk tashin da farashin gidaje ya yi a unguwar, da ni ya tashi.

Na biyun kuwa, na unguwar Sheka, a 2021 na gyara shi tsaf, har da tayil da tankin ruwa, na ba wani bawan Allah a kan naira miliyan 9. Ya ba da kafin alƙalami miliyan 1.8, sauran kuma dubu 100 duk wata har shekara 6. A takarda lissafi ya fita sumul. A lokacin dubu 100 tana saya mini wajen buhun siminti 25. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wata mai bi masa aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti ya wuce dubu 10 a watan Fabrairun shekarar. Dubu ɗarin nan tawa ta koma buhu 10, wani lokacin ma ba ta kai ba. Shi yana biyan abin da muka yi alkawari, a wannan ba shi da laifi ko kaɗan, ni ne na ɗaure kaina da farashin jiya na shekara shida. Kuɗin da suke shigowa a gutsure ba su taɓa taruwa sun sayi ko fili ba, cefane da kuɗin makaranta suka cinye su.

In ana maganar gaskiya, abu ɗaya zan yaba wa tsarin: wanda ya san gidan zai zama nasa ba ya buga ƙusa a ko'ina. Iyakar yabon ke nan.

Za ka ji ana cewa ai Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ma yana yin haya zuwa mallaka, har na tsawon shekara 30 ga masu zuba kuɗi a asusun gidaje na ƙasa, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz su ma suna da nasu na ijara. Gaskiya ne. Amma su daga albashi suke cirewa tun kafin kuɗin ya taɓa hannun mutum, suna da lauyoyi, suna da gidaje da yawa da wani zai rufe asarar wani. Kai gida ɗaya gare ka. Ranar da mutuminka ya yi wata huɗu bai biya ba, kamar yadda nawa ya yi lokacin da shagonsa ya tsaya, ya za ka yi? Ka kore shi alhali ya biya fiye da rabi? Kuɗin da ya zuba haya ne ko kuɗin ciniki? Mu takarda ɗaya muka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu, muka cakuɗa haya da sayarwa a ciki, kuma ba layi ɗaya da ya amsa wannan tambayar. Katangar baya ta faɗi a daminar 2022, ya ce ai gidana ne tunda bai gama biya ba, na ce ai shi ke ciki kuma shi zai mallake shi. Kowa da gaskiyarsa. Ni na gina.

Da na kai wa wani malami maganar, ya ce tun farko muka ɓata. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zama a kan wannan mas'ala a Riyad a shekarar 2000, kuma abin da ta tsayar shi ne ba a haɗa ciniki da haya a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya. Haya ta zama haya ta gaske da takardarta, alkawarin sayarwa ko kyautarwa a ƙarshe ya zo a takarda daban, kuma muddin ana cikin haya, babban gyara da asarar da ba ɗan haya ya jawo ba suna wuyan mai gida. Ashe katangar dama tawa ce. Ya kuma tambaye ni abin da ban taɓa kawowa a raina ba: in ɗayanku ya rasu kafin a gama fa? Gidan da sunanka yake, zai shiga rabon gado, magadanka su san da zaman alkawarin ko kada su sani. Washegari na nemi lauya muka sake rubutu.

In ka nace sai ka yi, to kada ya wuce shekara biyu ko uku, kafin alƙalamin ya zama mai kauri, takarda biyu a wurin lauya, a rubuta ƙarara abin da za a mayar masa in ya kasa, da wanda zai ɗauki kuɗin canja suna. Kada ka manta Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba a sauya masa mai shi sai da amincewar gwamna, kuma wannan ba kyauta ba ce, ba kuma aikin mako ɗaya ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwar kayan gini, ba duka ba, amma akwai marasa tsoron Allah. Akwai mai farke buhun siminti ya rage ya ɗinke, don haka ka ɗaga buhu biyu ka ji nauyinsu, in da sikeli a auna, kilo 50 ne cikakke. In ka ji dunƙule-dunƙule a ciki, ya sha danshi, bar musu. Bulo ka sa makulli ka karce shi, in yashi ya zubo kamar gari, siminti bai ishe shi ba. Kwanon rufi a ce maka mai kauri ne a kawo maka na ƙasa da shi, rodi a kira shi mai kaurin milimita 12 alhali bai cika ba. Ni sai da na sayi ɗan ma'aunin kauri na sa a aljihu bayan an yi mini sau ɗaya. Buhunan da aka juye kuma ka ce a tara maka su, ka ƙirga da yamma.

Dillalai ma haka. Kana fara fenti za su fara sallama, kowa da "mutumin kirki" da zai kawo maka, don la'adar sayarwa ta fi ta haya nesa ba kusa ba, shi ya sa za su yi ta zuga ka ka sayar. In kuma gidan nan saye ka yi ba da jimawa ba, ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka lambar takardarsa kafin ka zuba ko bulo ɗaya, ka kuma tambayi mai unguwa ko gidan gado ne, ko duk magada sun sa hannu. Na san wanda ya gama tayil sannan wata 'yar marigayin ta dawo daga aure a wani gari da sammaci a hannu.

Ka samu kafinta ya hau rufin nan kafin ruwan farko, ya ɗaga kwano ya duba katako. In ka gama, nemi ma'aikaci mai iyali ka ba shi hayar shekara.