Gargaɗi ga jama'ar Gombe: mai tallan wuƙaƙen Leatherman da Victorinox a WhatsApp ɗan damfara ne

Jama'ar Gombe, musamman 'yan'uwana masu aikin wayarin da sola, masu gyaran janareta, makanikai, da samarin da ke sha'awar ɗan abin aiki a aljihu, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin saye da sayarwa na WhatsApp da Facebook yana tallan wuƙaƙen nan masu tarin kayan aiki a jiki ɗaya, waɗanda in ka buɗe za ka ga filaya da sukudireba da almakashi da ɗan zarto. Yana cewa Leatherman ne, Victorinox ne, Gerber ne, wai gwanjon kwastan ne ya faɗo masa. Duk wanda kayansa ya iso, jabu ya karɓa. Wasu ma ko jabun ba su gani ba. Kada kowa ya tura masa ko sisi.

Ba zan sa suna ko lambar waya a nan ba. Sunan shafinsa yana canzawa, layinsa yana canzawa, kuma sunan da ke kan asusun da ake tura kuɗin ba lallai ne nasa ba ne. Irin waɗannan mutane sukan ari asusun wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ba ya canzawa shi ne salon aikinsa, shi zan bayyana.

Ba ya fara da roƙon ciniki. Da darasi yake farawa. Zai saki dogon rubutu yana kwatanta kamfanonin uku, kuma abin da ya sa yake da haɗari shi ne yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. Zai ce Victorinox a garin Ibach na ƙasar Suwizalan ake yin ta, Karl Elsener ne ya kafa masana'antar a 1884, kuma tun 1891 suke ba sojan ƙasar wuƙa. Haka ne. Zai ce Tim Leatherman ya kafa nasa kamfanin a 1983 a birnin Portland na Amurka, bayan wata tafiya da ya yi a Turai a 1975 da tsohuwar mota mai yawan lalacewa, inda ya yi ta fatan a ce wuƙar aljihunsa tana da filaya. Shi ma haka ne. Zai ce Gerber ta girmi Leatherman, tun 1939 take, ita ma a Portland, kuma sojan Amurka sun daɗe suna riƙe samfurinta MP600. Ba ƙarya. Kai kuwa in ka leƙa Google ka ga komai ya yi daidai, sai zuciyarka ta kwanta, ka ce wannan ya san kayansa.

Daga nan sai ya biyo ka ta saƙon sirri: "Injiniya, wane irin aiki ka fi yi? In gaya maka wadda ta dace da kai, kada ka sayi abin da ba zai amfane ka ba." A nan tarkon yake. Ya ɗauke ka daga tambayar da ta kamata, wato kayan na gaske ne ko a'a, ya kai ka ga wata tambayar: wanne zan ɗauka a cikin ukun? Mutum yana can yana auna filayar Leatherman da almakashin Victorinox, ya manta bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Bidiyon da yake turowa ma ba nasa ba ne. Ku lura da hannun da ke riƙe da wuƙar da teburin da aka ɗora ta, na Turawan da ke gwajin kaya a YouTube ne, ya yanke muryar ya ɗora tasa.

Sai farashi. Leatherman Wave+ yake bayarwa a naira dubu 28, Victorinox a ƙasa da haka. Wave+ ta gaske a can inda ake ƙera ta ta haura dala 100, tun kafin a yi maganar jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ku lissafa da canjin yau. In ka yi masa wannan maganar, amsarsa a shirye take: "Ai Alhaji shi ya sa na ce maka gwanjo ne, saura guda huɗu kacal, wani daga Kumo ya ce in ajiye masa biyu." Kullum saura guda huɗu ne.

Zai ce kayan suna Kano, wani lokacin Legas. A tura rabin kuɗi kafin alƙalami da kuɗin mota, sauran in kaya sun iso tasha. Masu sa'a sukan samu kiran wani wai direba, su je su karɓi ƙulli da aka naɗe da salatef har sai an nemi reza, kuma an riga an matsa musu sun tura cikon kuɗin kafin su buɗe, wai direba ba zai saki kaya ba sai oga ya ga alat. Marasa sa'a kuwa, sai a ce mota ta lalace a Darazo, gobe a ce jami'ai sun tsare kaya a hanya ana neman dubu biyar na sallama, jibi layi a kashe. Wannan shi ne cinikin biri a sama, ba wani abu ba.

Wasu daga cikin waɗanda kayansu suka iso sun kawo mini shago, domin sun san ina riƙe da Leatherman Wave ta gaske da nake aikin sola da ita. Da muka jera su a kan benci, abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni dariya. Wadda aka rubuta wa Leatherman da wadda aka rubuta wa Gerber jiki ɗaya ne, ƙira ɗaya, har tabon injin da ke gefen filayar wuri ɗaya yake. Suna kawai aka sauya. Duk dogon darasin da ya yi na bambancin kamfanoni, daga kwali ɗaya ya ɗebo su. Bakin filayar bai haɗuwa daidai, in ka ɗaga ta ga haske za ka hango rata. Na sa ta a wayar sola mai kauri, ta tauna ta kasa yankewa, bakin ya lotsa. Sukudireban kuwa a noti na farko mai tauri ya murɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makullin ruwan wuƙar: na danna bayanta a jikin katako sai ta rufo. Da yatsa na wurin, sai asibiti.

Tunda da kwatance yake cin mutane, bari mu yi kwatancen na gaskiya, domin wanda ya san abin da kowacce take, da wuya a sayar masa da gwangwani.

Leatherman filaya ce da aka ƙara wa wuƙa. Wave ta fara fitowa a 1998, Wave+ kuma a 2018, kuma babban abin da aka ƙara mata shi ne haƙoran yankan waya da ake kwancewa a sauya in sun dakushe. Kayan aiki 18 ne a jikinta, tsawonta a rufe santimita 10, nauyinta giram 241. Ruwan wuƙarta a waje yake, ana buɗe shi da babban yatsa ba sai an buɗe filayar ba, kuma kowane abu a jikinta yana kullewa in an buɗe. Ga mai hawa rufin kwano yana ɗaura fanel, ko mai gyaran babur, ita ce zaɓi. Aibinta nauyi. A aljihun kaftani tana jan riga gefe guda, sai dai a kube a ɗamara. Kamfanin yana ba da garantin shekara 25, amma katin da ɗan damfarar nan yake cusawa a kwali takarda ce kawai, ba wanda zai karɓi jabu ya gyara maka.

Victorinox kuwa wuƙa ce da aka ƙara wa ƙananan kayan aiki. Mai jan bangon nan da farin kuros a cikin garkuwa. Ba ta da nauyi: samfurinsu Spartan mai tsawon milimita 91 ba ta kai giram 60 sosai ba, ƙaramarsu Classic kuwa a jikin makulli ake rataye ta. Almakashinsu, a waɗanda ke da shi, ban ga na biyunsa ba. Ga malamin makaranta, ma'aikacin ofis, direba, ko mai zuwa gona da zai yanka igiya ya fere mangwaro, ta wadatar. Amma a sani, ruwan waɗannan ƙananan ba ya kullewa, sifirin ne kawai ke riƙe shi, don haka ba a yin aikin ƙarfi da su. Kuma ga shawara kyauta: Spartan tana da wani murɗaɗɗen ƙarfe a bayanta na zare toshiyar kwalbar giya, abin da ba ruwanmu da shi a nan. Tinker kusan ita ce, sai dai a wannan gurbin an sa sukudireba mai baki huɗu. Ita ta fi mana amfani. Wenger da yake ambata a wasu tallace-tallacensa, wata masana'antar wuƙa ce ta Suwizalan, Victorinox ta saye ta tun 2005, kuma daga 2013 aka haɗe wuƙaƙenta ƙarƙashin sunan Victorinox, saboda haka mai cewa yana da sababbin wuƙaƙen Wenger kwali-kwali, a tambaye shi daga ina.

Gerber tana tsakiya. Tana da masu tsada, tana da masu sauƙi, kuma wasu ƙananan samfuranta a Caina ake yin su da izinin kamfanin. Ke nan ganin an rubuta Caina a jikin Gerber ba shi ne hujjar jabu ba, kuma wannan ƙofar ce ɗan damfarar ke fakewa da ita.

Ni ba na zagin kayan Caina. Akwai kamfanonin can irin su Ganzo da Roxon da ke sa sunansu a kan kayansu, suna sayarwa a farashinsu, kuma suna aiki gwargwadon kuɗinsu. Wanda aljihunsa bai kai Leatherman ba ya sayi irin waɗannan da idonsa a buɗe, babu abin kunya. Wanda ya iya ƙera abu mai kyau ba ya buƙatar satar sunan wani. Mai buga sunan Leatherman a kan kayansa ya riga ya san kayan ba za su sayu da nasa sunan ba.

In an miƙo maka ɗaya a hannu, kada ka tsaya kan kwali da tambari, su ne mafi sauƙin kwaikwayo. Ɗora ta a sikeli, ko na mai sayar da zinari ne, ka gwada da nauyin da kamfanin ya rubuta a shafinsa. Buɗe kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Victorinox ta gaske tana buɗewa sumul ta rufe da ƙara ƙas, ruwan ba ya gogar maƙwabcinsa, kuma rubutun da ke gindin babban ruwan a nitse yake cikin ƙarfen, tsaf, ba kamar an shafa da fenti ba. Zaro ɗan hantsakin da tsinken sakacen da ke cikin bangon, na jabu ko dai su ƙi fita ko su zube da kansu. Gwada almakashin a kan leda ko zare, ba takarda ba, domin takarda kowane almakashi yana yanka ta. A Leatherman duba cikin hannun, akwai lambobi huɗu na wata da shekarar da aka ƙera ta, ko da yake masu jabu ma sun fara bugawa. Sannan a daina gwajin maganaɗisu da wasu ke yi, wai in ya kama to ba ƙarfe marar tsatsa ba ne. Ƙarfen ruwan wuƙa na gaske, ko nau'in 420HC na Leatherman ne ko irin ƙarfen da Victorinox ke aiki da shi, maganaɗisu yana kama shi. Wannan gwajin ba ya raba komai.

Yanzu kuma ya fara sabon salo: sayen haɗin gwiwa. Zai nemi wani mai mutunci a rukuni, shugaban ƙungiyar masu sana'a ko wani malami da ake jin maganarsa, ya aika masa guda ɗaya mai kyau a matsayin kyauta. Shi kuma da zuciya ɗaya sai ya yaba a rukuni, mutane su tara kuɗi ta hannunsa a tura gaba ɗaya. In kaya suka ƙi zuwa, ɗan damfara ya ɓace, mutumin kirki ne ake tsarewa a ƙofar gida. Iyayenmu da shugabannin ƙungiyoyi, don Allah kada ku ari bakinku ga wanda ba ku san shagonsa ba. Na kuma ga yana cewa wuƙar za ta yi aikin layya. Ruwan Wave bai kai santimita 8 ba. Ko ta gaske ce ba wuƙar yanka ba ce, balle jabun da ke rufowa kan yatsa.

Wani abu kuma da ba zai gaya wa samari ba: nan Gombe ce. Garin da ya sha fama da 'yan Kalare, jami'in tsaro ba zai tsaya tambayarka ko Suwizalan ce ta ƙera wuƙar da ya laluba a aljihunka da daddare ba. Mai sana'a ya bar ta a jakar kayan aiki tare da tasta da sauran tarkace, kada a shiga da ita taron siyasa ko gidan kallon ƙwallo. Mai hawa jirgi kuma ya sa ta a jakar da ake aunawa, in ta shiga ta hannu za a ƙwace.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya tsaya jiran mota ta taso daga Darazo. Ya ɗauki hoton duk hirar da suka yi kafin a goge, da rasit ɗin tura kuɗin, da lambar asusun, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, domin in an yi saurin sanarwa akan iya riƙe asusun kafin a kwashe. Sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. EFCC tana da ofishi a nan Gombe, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ma tana karɓar ƙorafi ta intanet. Dubu 14 ta mutum ɗaya ba lallai a ɗaga kai a dube ta ba, shi ya sa ya fi kyau waɗanda abin ya shafa su haɗa takardunsu su je tare. Masu kula da rukunoni kuma su cire tallan, su duba ko ba shi ne ya dawo da sabon suna ba, domin an ga rubutu mai irin wannan salon, na kwatanta kamfani uku da saura guda huɗu, a kan fitilun sola da injin aski.