Bakod mai lamba 12 da mai 13: wanne ne na gaskiya?

Malam, ka tambaya me ya sa wasu kayan da ka saro lambobin da ke ƙarƙashin layukansu 12 ne, wasu 13, ko mai 12 ɗin jabu ne. Ba jabu ba ne. Tsari biyu ne, kowanne da mahaifarsa.

Mai 12 shi ne UPC-A, na Amurka da Kanada, kuma shi ya fara fitowa. Ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara haska shi a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo, a jikin fakitin cingam ɗin Wrigley's. Mai 13 kuwa EAN-13 ne, Turawan Turai suka fito da shi bayan 'yan shekaru, shi muka fi gani a kasuwanninmu. Danjuma ne da Danjummai: ka sa sifili a gaban mai 12, ya zama mai 13, na'urar kanti ta karanta su duka. Ƙananan kaya irin su alewa sukan ɗauki mai 8 don wuri ya yi kaɗan.

Inda mai 13 ya fi jan hankali shi ne lambobi ukun farko. 615 ta Najeriya ce, 603 Gana, 890 Indiya, 690 zuwa 699 Sin, 978 kuma littafi ne. To a nan mutane da yawa ke ruɗuwa, abin yana damuna ƙwarai. Waɗannan lambobin suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajista da GS1, hukumar da ke ba da lambobin bakod, ne kawai, ba inda aka yi kayan ba. Kamfanin Legas zai iya ba da kwangilar kaya a Sin, su iso da 615 a jiki, kuma bai yi ƙarya ba. In ƙasar kake nema, duba rubutun da ke jikin kwalin.

Lambar ƙarshe a dukkansu ta tantancewa ce, daga sauran ake lissafo ta don na'ura ta gane in an yi kuskuren karatu. Farashi kuwa galibi babu shi a ciki, kwamfutar mai kanti ce ke riƙe da shi.

Game da jabu, mai 12 da mai 13 duk ba sa kare ka. Duk mai injin buga takarda zai iya kwafe bakod ɗin kayan kirki ya manna a nasa, wayarka ta haska ta kawo sunan na ainihin. Amfanin haskawar shi ne in ta kawo sabulu alhali madara ce a hannunka, ka ajiye kayan. Ga abinci da magani, nemi lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, in maganin na da wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya kafin ka biya.