Wasiƙa daga Maryland: yadda na ƙare da manhajar haraji

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an yi sallah lafiya. Ka yi ta ƙorafi cewa duk azumin nan in ka kira sai in ce maka ina kan haraji, har ka tambaye ni ko na koma mai karɓarsa ne. Tunda aikin akanta kake yi, kuma ka ce in ba ka labarin dalla-dalla, to ga shi.

A nan ma ana cire haraji daga albashi tun kafin ya shigo hannunka, kamar PAYE ɗinku. Bambancin shi ne cirewar ba ta sallame ka ba. Kowace shekara, zuwa 15 ga Afrilu, kai da kanka za ka cike fom mai lamba 1040 ka faɗa wa hukumar harajin tarayya, IRS, abin da ka samu da abin da aka riga aka cire. In an cire fiye da ƙima a mayar maka da rarar, in bai kai ba ka cika. Wurin aikinka zai ba ka takardar W-2, mai nuna albashinka da abin da aka cire, zuwa 31 ga Janairu, banki ya turo 1099-INT in kuɗin ruwan da ya zuba maka ya kai dala 10. Wannan kuɗin ruwan, ko da sadakar da shi kake yi don kar ya shiga cikinka, sai ka rubuta shi. Bayan na tarayya kuma ga na jiha. Lokacin da nake Texas babu shi sam, amma a Maryland akwai na jiha, akwai kuma na ƙaramar hukuma a cikin fom ɗin jihar.

Masu taimaka maka ka cike kuwa kasuwa ce guda. Bara ofis na je, wani mutum ya cike mana, na biya dala 350 don aikin da bai kai awa ɗaya ba. Bana, wato 2025, na ce da kaina zan yi. Akwai manyan manhajoji irin su TurboTax da H&R Block da TaxAct, masu jan ka da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya cikin lallami, suna iya ɗauko W-2 ɗinka daga hoto. Duk suna tallan cewa suna da na kyauta, amma banza ba ta kai zomo kasuwa: kyautar ta mai albashi zalla ce, da zarar ka ce kana da wata sana'a a gefe sai a haura da kai matakin biya, fom ɗin jiha kuma kuɗinsa daban. Kalmar kyautar nan har gaban hukuma ta je. A 2022 kamfanin Intuit, mai TurboTax, ya amince ya biya dala miliyan 141 don sasantawa da jihohi a kan tallansa. Akwai kuma marasa kwalliya irin FreeTaxUSA, inda na tarayya kyauta ne ko da kana da sana'a, na jiha kuma bai kai dala 20 ba. Gwamnati ma tana da nata. Shirin Free File, mai ba da manhaja kyauta, na wanda samunsa bai wuce dala 84,000 ba ne a 2025, ga VITA, inda 'yan sa-kai da aka horar suke cike wa masu samun dala 67,000 zuwa ƙasa (a ƙa'idar 2025) a ɗakunan karatu da makamantansu ba tare da ko sisi ba. A lokacin akwai kuma Direct File, manhajar IRS ta kanta, da ta fara gwadawa a jihohi 12 a 2024 ta faɗaɗa zuwa 25 a 2025. A 2025 ɗin Maryland tana ciki, sai dai ba ta karɓi kuɗin sana'ar kai ba, ni kuma ka san ina ɗan taɓa tuƙin ɗaukar fasinja a ƙarƙashin wani kamfani a ƙarshen mako.

Na gwada biyu, mai tsada da mai araha, na zuba musu lambobi iri ɗaya kafin in biya, domin sai za ka aika suke neman kuɗi. Amsa ɗaya suka ba ni. Lissafi dai lissafi ne. Abin da kake saya a mai tsadar shi ne lallashi da yawan bayani. Sai na ɗauki mai arahar.

Tuƙin nan shi ya fara sanyaya mini gwiwa. A saman shafi akwai wata lamba da ke nuna rarar da za a mayar maka, tana hawa tana sauka duk lokacin da ka amsa tambaya. Da na sa W-2 kaɗai, ga rangwamen ma'aurata na dala 29,200 a lissafin 2024, ga dala 2,000 na jaririyarmu (ko a Disamba aka haifi yaro, ana ƙirga shi kamar ya yi shekarar duka), lambar ta yi kyau har na fara raba ta a zuciya. Ina sa takardar tuƙin sai ta zube. Na ɗauka manhajar ce ta rikice, na goge na sake sawa har sau uku. Ba ta rikice ba. Kuɗin tuƙi ba a cire masa komai a hanya, kuma bayan harajin samu akwai wani kashi 15.3 cikin ɗari da mai sana'ar kansa yake biya na asusun fansho da na lafiyar tsofaffi, in ribarsa ta kai dala 400. Abin da ya ɗan farfaɗo da ni shi ne na gano adadin da ke kan takardar 1099-K jimillar abin da fasinjoji suka biya ne, har da kason kamfani da bai taɓa shiga aljihuna ba. Kai za ka nemo wannan kason ka cire shi a matsayin kashe-kashen sana'a a fom ɗin Schedule C. Haka nan kowane mil da ka yi don aiki ana rage maka santi 67 a lissafin 2024, amma sai kana da rubutaccen tarihin tafiye-tafiyenka.

Na aika da dare bayan tarawihi. Da sahur na tarar da imel: an ƙi karɓa. In aka ƙi karɓa, a wurinsu kamar ba ka aika ba ne, don haka hankalina ya tashi. Dalilin da suka bayar shi ne sunan mai ɗakina bai dace da lambarta ta Social Security ba, wadda muke kira soshiyal. Laifina ne. Na sa mata sunana a matsayin sunan ƙarshe, yadda ake kiranta a asibiti da makarantar koyon Turanci, alhali a katinta sunan mahaifinta ne, kamar yadda yake a fasfo. Kwamfutar IRS haruffa huɗu na farkon sunan ƙarshe take gwadawa da lambar, in ba su yi daidai ba shi ke nan. Wannan ya fi kama mutanenmu fiye da kowa, domin mu suna a wurinmu ba ya zama wuri ɗaya: wani a fasfo sunan garinsu ne a ƙarshe, a takardar makaranta sunan kakansa, wani kuma an juya masa na farko ya koma na ƙarshe tun a wurin biza. Masu suna irin Isma'il ko Mu'azu kuwa, alamar nan ta tsakiya ba ta cikin lissafi, wasu manhajojin ma ba sa yarda ka sa ta. Maganin shi ne ka ɗauko katin ka ajiye a gabanka, ka kwafa harafi bayan harafi, ko da a ganinka katin ne ya yi kuskure.

Na gyara na sake aikawa. Tsugune ba ta ƙare ba, aka sake dawo da shi da lambar IND-032-04. Wannan kuma maganar sa hannu ce. Tunda babu biro a intanet, suna tabbatar da kai ne ta hanyar tambayarka wani adadi daga fom ɗin bara, wanda suke kira AGI, yana layi na 11. Nawa na sa daidai. Na mai ɗakina na sa sifili, don a hankalce ba ta yi aiki ba. Ashe in kun cike tare bara, adadi guda ɗin nan za ku sa ku biyu. Sifili na wanda bai cike ba ne bara, ko wanda har yanzu ba a gama duba nasa ba. Kuma adadin fom na asali ake so, ko da ka yi gyara daga baya. Wanda ya tsaya a kan manhaja ɗaya ba ya ganin wannan matsalar don tana tuna masa, mu masu sauya sheƙa don neman sauƙi mu take kamawa. Wanda ya ɓatar da kwafinsa na bara zai iya buɗe asusu a shafin IRS ya ciro, bayan ya ɗauki hoton lasisinsa da na fuskarsa. A karo na uku aka karɓa, rarar da ta saura ta shigo banki kafin kwana 21 da suke faɗa.

Wani maƙwabcina nasa ya fi muni. An ce masa an riga an yi amfani da lambar ɗansa a wani fom ɗin daban. Irin wannan ko dai iyaye ne da suka rabu kowa ya sa yaron, ko kuwa ɓarayi sun riga ka. Shi ya sa na nemi IP PIN, lamba shida da IRS take sabunta maka kowace shekara, wadda babu mai iya aika fom da sunanka ta intanet sai da ita. Kuma in aka ƙi karɓar naka a ranar ƙarshe, kana da kwana 5 ka gyara ka sake aikawa ba tare da an ce ka makara ba.

Amma Yaya, duk waɗannan da na lissafa maka matsaloli ne masu ihu, su suke zuwa su same ka. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda manhajar za ta karɓa ta ce maka madalla. Ita akawu ce mai rubuta abin da ka faɗa mata, kuma an gina ta ne don mutumin da duk rayuwarsa take cikin Amurka. Mu kuwa rabin rayuwarmu tana wajenku.

Ɗauki maganar Inna. Na ga tambayar ko akwai wanda nake ɗaukar nauyinsa, na ce ai ni da ita aka rubuta wa wannan. Ba haka ba ne. Sai in mutumin ɗan ƙasa ne, ko mazaunin Amurka, ko na Kanada ko Meksiko. Duk abin da muke turowa gida na abinci da magani da makaranta ba ya rage ko santi ɗaya, haka zakkar da aka raba wa mutane hannu da hannu. Sai wadda aka bai wa masallaci ko ƙungiyar da hukumar nan ta amince da ita, ita ma a lissafin 2024 sai in ka zaɓi lissafa kashe-kashenka ɗaya-ɗaya maimakon karɓar rangwamen bai-ɗaya. Haka wanda ya bar iyalinsa a gida: da yawa suna zaɓar cewa su gwauraye ne don manhajar ta daina neman lambar matar, ita kuma ta wuce da su ba musu. Ni a shekarun da mai ɗakina take wajenku, a matsayin mai aure mai cike nasa shi kaɗai nake yi, in rubuta NRA, wato baƙuwar da ba mazauniyar ƙasar ba, a gurbin lambarta, in aika ta gidan waya. Ɗalibai masu bizar F-1 su ma suna faɗawa wannan ramin. A shekaru biyar na farko yawanci fom 1040-NR, na waɗanda ba a ɗauke su mazauna ba, shi ne nasu, galibin manyan manhajojin kuma ba sa yin sa, sai irin su Sprintax. Yaro zai cike na mazauna, ya karɓi rarar da ba tasa ba, ya yi murna, daga baya ya dawo yana cike fom ɗin gyara, 1040-X, yana mayarwa.

Masu ofis ma ba duka ne abin yarda ba. Duk mai karɓar kuɗi ya cike maka dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wadda IRS take bai wa masu wannan aikin. Akwai waɗanda ake yayatawa a cikin baƙi cewa suna fito da rara mai kauri, sai ka duba ka ga sun bar gurbin sa hannun fili, sun ƙirƙira maka asarar kasuwancin da ba ka taɓa yi ba. Ranar da wasiƙa ta zo, sunanka ne a kanta. Kuma ta gidan waya IRS take fara tuntuɓar mutum. Duk wanda ya bugo waya yana barazanar za a kama ka in ba ka biya da katin kyauta ba, ɗan damfara ne.

Wadda ta kama ni dumu-dumu ita ce tambayar asusun waje. Tana can cikin wani lungu, ana tambaya ko kana da asusun banki a wata ƙasa. Shekara da shekaru a'a nake cewa ba tare da na tsaya na karanta ba, don a raina ba na ɗaukar asusuna na gida a matsayin na waje. Amsar gaskiya e ce, komai ƙanƙantar abin da ke ciki. Sannan in jimillar abin da ke cikin duk asusunka na wajen Amurka ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, sai ka cike wani fom daban da ake kira FBAR, wanda ba IRS ake aika wa ba, wata hukuma ce ta ma'aikatar kuɗi mai suna FinCEN, a shafinta na kanta. Ba haraji ake biya a kansa ba, sanarwa ce kawai, amma tarar ƙin yin ta tana da nauyi. Har asusun da ba naka ba, in kana da ikon sa hannu a kansa, yana ciki. A canjin ƙarshen 2024 wannan adadin wajen naira miliyan 15 ne, kuma ka san kuɗin ginin nan sun kwana biyu a asusuna kafin a sayi rodi da siminti. Kuɗin ruwan da bankin ya zuba a kai shi ma samu ne a wurinsu, don mai katin zama ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya.

Wa'adin FBAR ɗin shi ma 15 ga Afrilu ne, amma ana ɗaga shi kai tsaye zuwa 15 ga Oktoba ba sai ka roƙa ba. Don haka alfarma nake nema. Manhajar bankin ta ƙi buɗe mini tun da layina na gida ya mutu, na rubuta musu takardar izini da sunanka, zan turo maka ita gobe in Allah ya kai mu. Ka taimaka ka karɓo mini bayanan asusun daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2024, ka duba mini ranar da kuɗin suka fi yawa da jimillar ruwan da suka zuba, don in san ko sai na yi gyara a fom ɗin da na riga na aika. In za su ba ka na 2023 ma ka haɗo da shi.

A gaida Inna da su Anti da yara. Takwararta tana nan ta fara rarrafe.